Diyyar Kujera

Ni na karanta takardar.
Ranar Litinin ce, an tashi daga awon gyaɗa,
ɓawo na ƙara ƙarƙashin sawun mutane.
Kumandan Mai Lofe ya miƙo ta da hagu,
ya ce, Nomau, juya musu.

An haɗe biro biyu, sun koma ɗaya,
kamar a juye ragowar tulu cikin tulu.
Hatimi ɗaya ya isa, in ji manyansu na bakin teku.
Wanda kujerarsa ta faɗi a wannan garwaya,
za a ba shi...

Nan harshena ya cije.
Shekara goma sha tara ina sauke magana daga bakin Nasara
ina jibge ta a kunnen Maraɗawa.
Haraji na juya, tara na juya,
bulala ma na raɗa mata suna mai laushi,
amma wannan kalma ba ta da masauki a Hausa.
Lada? Ba don Allah ya yi ba.
Sadaka? Ya fi mu wuya.
Na ce: diyya.

Tsahara mai daddawa, daga can bayan taro,
ta ce, Wa aka kashe?
Na ce, Ba kowa, Inna. Kujera ce.
Ta ce, To, Allah ya ji ƙan kujera.
Gardi ya ɗaga sanda,
dariyar ta koma cikin riguna.

Na ci gaba da ƙirga.
Albashin wata goma sha takwas, ba aiki.
Kuɗin jirgin ruwa, shi da madam da sanduƙi talatin.
Kuɗin zafin ranar da ya sha a ƙasarmu,
an auna shi shekara-shekara kamar hatsi a tiya.
Har karensa an yi wa kejin katako
da kwanon ruwa a ciki.

Ranar nan da ake biya,
ita ce ta dafa Hankurau, ɗan Tsahara,
da dutse bisa kai, wajen aikin hanyar mota.
Bai dawo ba.
Ni na rubuta sunansa a jerin masu tafiya,
da shuɗiyar tawada, hannuna bai ko girgiza ba.

Na juya bayan takardar.
Fari fat.
Na ɗaga ta ga haske, ko sunana ya ɓuya a ninki.
Sabon biro na da nasa tafinta,
yaro ɗan lakwal, mai magana daga maƙoshi.

Ran tafiya Mai Lofe ya ba ni hannu,
karo na farko,
tafinsa jiƙe kamar cikin kwaɗo.
Kujerar ta ƙi shiga mota,
ya ce, Riƙe ta, taka ce.

Tana nan zaurena a Mokoyo.
Ban taɓa zama kanta ba, bayana bai saba ba.
Wata wake-waken kaza ta gaje ta,
ta ƙyanƙyashe sau huɗu
daidai inda ake yanke wa gari hukunci.

Yanzu bakin gidan waya nake, bisa tabarma,
ina rubuta wa mutane wasiƙa.
Da gulbi ya janye, aka fara dashen taba,
Tsahara ta zo, ta durƙusa da ƙyar.
Ta ce, Kalmar nan da ka ce ba ta da masauki,
ka san ta da bakinsu?
Na ce, Na sani.
Ta ce, Rubuta musu ita. Ka sa sunan Hankurau.
Ai hannunka ya san shi.

Na rubuta.
Wannan karo alƙalamin ya yi ta tuntuɓe.
Ta biya ni da ƙwallon daddawa uku,
na ce ta bari, ta ajiye ta tashi.

Damina bakwai ke nan, ba amsa.
Ba ta taɓa tambayata takardar ba.
Kowace Juma'a dai, in ta biyo da tallarta,
sai ta leƙo zaure,
ta wuce ni da ido,
ta ce, Ina kwanan marainiya?